Farin Rumbun Sama'ilu

Shafi na 31

Rubutawa: Maman Khalilu

Masu cika mini waya da "ina cigaba, ina cigaba", na ji ku, ku sassauta mini. Wutar unguwarmu ce ta yi yaji, caji sai na aika kasuwa. Ke kuma baiwar Allah da kika biyo ni ta gefe kina roƙon in yi wa Ɗan Iya uzuri, wai tsoho ne, karanta wannan shafin tukuna, in kin gama kya gaya mini.

* * *

Hantsi bai gama ɗagawa ba Zuliha ta yi sallama a ƙofar ɗakin Hure, riƙe da kwanon koko.

Hure na zaune a kan tabarma, inda ta saba zama tun ranar da aka fita da gawar mijinta Sama'ilu. Zanen takaba ya koɗe a jikinta, kai ba kitso, 'yar wuƙar da tsofaffi suka ba ta tana soke a ƙugu. Wanda ya san ta bara ba zai gane ta ba yau.

"Hure, an tashi lafiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Yaya Zuliha. Shigo mana."

Zuliha matar Ɗan Iya ce, wan marigayi, wanda gidan gaba ɗaya ya koma hannunsa. Mace ce mai kirki, sai dai cikinta ba ya ajiye magana. Ta dire kwanon, ta zube a bakin gado tana fifita da gefen mayafi.

"Ni yau ban ga ta zama ba. Tun asuba mutumin nan ya tashe ni. Wai in rufe randuna da faifai, in kwashe shanya, in toshe tagogi da tsumma. Jikoki kuma kada wanda ya leƙo tsakar gida sai ya ce. Kin ji fa, sai ka ce yaƙi za a yi."

"Me za a yi?"

"Au, ba a gaya miki ba? Ai yau ce gayyar rumbu."

Ludayin da Hure ta ɗauka ya tsaya a hanya.

In an ce rumbu a gidan nan, guda ɗaya ake nufi, farin rumbun Sama'ilu da ke tsaye a filin ƙofar gida. Zamanin da yake aiki a kamfanin kwanon asbesto a birni, a ɗakin da ake yanka kwanon da inji, in zai zo gida sai ya taho da buhu cike da farin garin da ke zuba a ƙarƙashin zarto. Kyauta ake ba su, su rage wa kamfani shara. Da shi ya kwaɓa ƙasa ya yi wa rumbun yaɓe, ya fito sumul, gara ba ta ci, ɓera ba ya hudawa. Har daga Makoda mutane sun zo kallo.

Garin nan kuwa shi ya ci Sama'ilu, kuma ba Hure ce ta ƙirƙira ba. A babban asibitin birni, ranar da aka sake zuƙe masa ruwa a ƙirji, likita ya tambayi inda ya taɓa aiki. Da aka gaya masa sai ya cire tabarau. Ya ce ciwon daji ne, ƙurar nan ce ta kwanta a huhu, takan yi shekara ashirin ko fiye ba ta motsa ba. Ya ce duk inda ragowar abin yake a gida kada a fasa, kada a daka, kada a tayar da ƙurarsa.

Ranar sadakar uku ta gaya wa Ɗan Iya wannan magana daga bayan labule. Ya ce mata kwana ne ya ƙare, ta yi hattara kada baƙin ciki ya kai ta ga saɓo. Shi ke nan gari ya ɗauka. Duk wanda ta buɗe baki za ta gaya wa sai ya ce ta yi istigfari, sai ka ce ita ba ta san Allah ne mai kashewa ba.

"Kin san bana ba taki," Zuliha ta ci gaba, ba ta ma lura da fuskar Hure ba. "An bi layi a sakatariya har an gaji, manya sun kwashe. Ga hadari ya fara haɗowa a gabas. Shi ne ya ce tunda rumbun ya tsage, a rushe, a dake, a kwashe a mangala a kai gona. Ƙasar tsohon gini ai taki ce, tun kakanni haka ake yi."

"A dake," Hure ta maimaita.

"Har da mai ganga aka kira. Samarin gari duk sun hallara."

"Da su Iliyasu?"

Zuliha ta tafa hannu tana dariya.

"Wa? Ai nan ne abin dariyar. Ko sallah ba a idar ba ya tattara 'ya'yan nawa ya tura su kasuwar Ɗambatta. Iliyasu, Sabo, Muhammadu Sani, ƙatti uku, wai su kai ɗan akuya ɗaya! Kuma ya ce kada ya ga ƙeyar kowa sai bayan la'asar. Na ce Malam, ana gayya a gidanka ka kori 'ya'yanka? Ya daka mini tsawa."

Hure ta ajiye ludayin a hankali. An rufe randuna. An ɓoye jikoki. An kori 'ya'ya. Mutumin da ya ce mata kwana ne ya ƙare!

"Auta fa?"

Haka take kiran Tasi'u. Shi ne na ƙarshe a cikin haihuwarta, kuma shi kaɗai ne namijin da ya tsaya mata.

"Ai shi ke riƙe da diga. Wai rumbun ubansa ne, shi ya kamata ya fara sara."

Ba ta rufe baki ba ganga ta tashi a waje. Sai wani dim, mai nauyi, wanda Hure ta ji har cikin haƙoranta.

Ta miƙe.

"Ke! Ina za ki?" Zuliha ta cafko zanenta. "Hure, takaba kike! Ki rufa mana asiri!"

"Sake ni, Yaya Zuliha."

"Ko soro ba a yarda ki leƙa ba, balle cikin maza! Wallahi haukacewa ake yi, na ga wadda..."

"To in haukace."

Ta fizge zanen. Ko takalmi ba ta nema ba.

* * *

Rana ta dalle mata ido. Rabonta da ƙofar gida tun ranar da aka sauko da Sama'ilu daga mota, ya zama ƙashi da fata.

Fili ya cika. Samari sun tuɓe riguna, masu tabarya na jiran abin daka, masu shebur na jiran abin kwasa, jakuna a tsaye da mangaloli. An riga an sauke jinkar rumbun. Tasi'u na gindinsa, ya sake ɗaga diga ya kai sara, wani ɓangare ya ɓalle ya faɗo. Farar ƙura ta tashi ta lulluɓe shi har gashin ido, samari suka ɗauki shewa.

Can nesa kuwa, a gindin darbejiya, ta gefen da iska ke tahowa, ga Ɗan Iya a kan kujera. Ya naɗe hanci da baki da rawani, idanu kawai ake gani. Kusa da shi Malam Dallatu ne, limamin gari, da ya zo sa albarka.

"Auta!"

Ganga ta mutu a hannun mai ita.

Tasi'u ya juyo.

"Inna! Subhanallahi! Me kike yi a waje?"

"Ajiye digar nan."

"Inna, Baffa ne ya ce..."

"Na ce ka ajiye!"

Ya ajiye. Ya ɗaga hannu zai kakkaɓe kansa, ta daka masa tsawar da bai taɓa ji daga bakinta ba.

"Kada ka kakkaɓe! Kai, miƙo tulun can. Ku zuba masa ruwa daga ka har ƙafa. Rufe bakinka, kada ka ja numfashi!"

Ba wanda ya motsa. Ita ta ɗauko tulun ruwan da aka ajiye wa 'yan gayya ta juye masa. Farin ruwa ya gangaro ta wuyansa zuwa ƙasa. Sannan ta taka duwatsun da rumbun ke zaune a kai, ta jingina bayanta da inda aka sara, ta fuskanci jama'a.

"Wanda zai sara ya fara da ni."

Daga gindin darbejiya muryar Ɗan Iya ta taso, a toshe saboda rawani.

"Hure! Wace irin fitsara ce wannan? Ƙasar kabarin mijinki ba ta bushe ba kin fito kina tsalle cikin ƙatti?"

"Ba na jin ka, Yaya. Matso kusa."

"Na ce ki koma ɗaki!"

"Wallahi iska na kwashe maganar. Taho nan gindin rumbun ka gaya mini."

Bai taho ba. Ya gyara zama dai, ya ƙara jan rawanin sama. Samari suka fara kallon juna.

Malam Dallatu ne ya taso, yana dogara sanda, ya tsaya a gabanta.

"Haba 'yar nan. Ki ji tsoron Allah. Zaman nan haƙƙin mamaci ne a kanki."

"Allah gafarta Malam, tambaya ɗaya zan yi. In gobara ta tashi, ɗan mai takaba yana ciki, zama za ta yi tana jan carbi?"

Malam ya shafa gemu.

"A'a. Lalura ai daban ce. Amma Hure, ina gobara a nan?"

"Tambayi Yaya. Shi ya san inda take."

Ta ɗaga murya yadda na bayan danga ma zai ji, don ta san mata sun cika bayan danga suna leƙe.

"Yaya, ina Iliyasu?"

Ɗan Iya ya zuba wa ƙasa ido.

"Ina Sabo? Ina Muhammadu Sani? Gayya a ƙofar gidanka, 'ya'yan mutane sun tuɓe riga, naka suna ina?"

"Na aike su kasuwa. Ko sai na nemi izininki?"

"Su uku, da ɗan akuya ɗaya. Zaki ne akuyar?"

Wani saurayi ya fashe da dariya, ya yi maza ya haɗiye.

"Randunan gidanka me ya sa aka rufe su? Tagogi me ya sa aka toshe? Jikokinka me ya sa aka kulle su a ɗaki? Kai ma ga ka nan ka naɗe kamar mai ciwon haƙori. Ba kai ka ce mini kwana ne ya ƙare ba? To in kwana ne, me kake tsoro? Kwance rawanin ka zo ka karɓi digar!"

Jama'a, ni Maman Khalilu da nake rubuta wannan, raina ya gama ɓaci. Mutum ya ɓoye nasa a kasuwa, ya miƙa wa maraya diga, sannan ya kira liman ya sa albarka. Ku gaya mini sunan wannan in ba zalunci ba.

Ɗan Iya ya miƙe. Tsoho ne dogo, mai faɗa a ji, wanda a garin nan ba a mayar masa da magana. Ya tako kaɗan ya tsaya, har yanzu da tazara.

"To, tunda kin zaɓi tonon silili, mu tona. Kin ce garin nan guba ne ko? Ɗakin da kike kwana, da me aka yi masa daɓe? Ba da shi ba? Wa ya ja waƙar daɓen ranar nan, mata na amshi? Ba ke ba? Wa ya riƙa auna wa matan gari a kwano suna kai wa ɗakunansu, wai ya fi makuba kyau? Masallacin da Malam ke jan mu sallah, da me aka shafe shi? In guba ne, ke kika raba ta gida gida!"

Maganar ta same ta. Gaskiya ne, ita ta ja waƙar, tana amarya mai ji da kanta, mijinta ma'aikacin kamfani. A kan daɓen nan 'ya'yanta suka yi rarrafe. Tun ranar da likita ya yi magana, kullum sai ta yayyafa ruwa kafin ta yi shara, tana yi tana kuka.

"Na raba," ta ce. "Na raba ina murna, don ban sani ba. Shi ma da ya ɗauko a kansa bai sani ba. Yau kuwa na sani, shi ya sa na fito ba takalmi. Kai da ka sani me ka yi?"

"Ni ban san komai ba!"

"Ka sani."

"Tatsuniyar likitoci ce!"

"Ka sani, Yaya! Wallahi ka sani!"

"Kai, wannan mace da taurin kai take! Yini ɗaya me zai yi musu? Ko Baturen da ya ce abin yana kisa, cewa ya yi sai an daɗe ana shaƙa!"

Filin ya yi tsit. Har jakin da ke kaɗa kunne ana jin sa.

Ɗan Iya ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya kai hannu ga rawanin, kamar zai mayar da maganar ciki.

Malam Dallatu ya juya gaba ɗaya ya fuskance shi.

"Wane Bature, Ɗan Iya?"

"Malam, ɓacin rai ne..."

"Na ce wane Bature? Yaushe ya gaya maka?"

Kowa a garin ya san Ɗan Iya ne ya fara shiga kamfanin, har ya zama heluma, shugaban lebura. Kowa ya san shi ya dawo gida da mota ya kwashi samari ya kai su aiki, iyaye na bin sa da addu'a. Abin da ba a sani ba shi ne wanda yanzu yake neman hanyar fita daga bakinsa.

"Ranar da aka ba mu heluma," ya ce a hankali. "Ya tara mu a ofis. Ya ba kowa takunkumin roba na rufe hanci. Ya ce ɗakin yanka kada mu daɗe a ciki, ƙurar tana taɓa huhu."

"Lebura fa? An ba su?"

"Bai isa ba. Na helumomi ne kawai."

Wata mata ta rafka salati daga bayan danga. Nata mijin ma da tari ya tafi, aka ce sanyi ne.

"'Yan birni sun ƙi ɗakin yanka," Ɗan Iya ya ci gaba, yanzu da ƙarfi, kamar mai kare kansa a gaban alƙali. "Sun ji ƙishin-ƙishin. Aka ce in nemo mutanen ƙauye. Ku tuna wace shekara ce! Shekarar fari ce! Ana tonon gidan tururuwa ana neman tsaba a garin nan! Yara na mutuwa kamar kaji! Na kawo muku aiki, kuka ci, kuka rayu. Yau ni ne mugu? Da ban kai su ba da yunwa ta kashe su tun a lokacin!"

"Sai ka gaya musu," in ji Hure. "Su zaɓa da kansu. Ko tsumma ne sa ɗaura a hanci."

"In na faɗa wa zai je?"

"Ƙanenka fa? Uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai masu gadi a kamfanin, akwai masu lodi a waje. Kai ke raba aiki. Me ya sa ka sa shi a bakin zarto?"

Ɗan Iya ya kawar da kai.

"Yaya, da kai nake. Shekara da shekaru yana gaya mini wansa ya fifita shi, ya ba shi wurin da ake ƙarin albashi. Har ya mutu yana sa maka albarka. Numfashi na gagarar sa, yana cewa in riƙe ka uba ga Auta. Me ya sa ka sa shi a wurin?"

"Hure, ki bar maganar nan."

"Ba zan bari ba!"

"Da ban sa nawa ba, wa zai yarda ya ba ni nasa?"

Ya faɗa da ƙaraji, har rawanin ya zame daga bakinsa.

"Sai da suka ga Sama'ilu a ciki sannan suka saki jiki! Haka ne! Kun ji! Kuma tun da ya mutu, duk wanda ya wuce ta nan sai ya kalli rumbun nan ya kalle ni. Na gaji! Ba na barci! So nake a kawar mini da shi daga ƙofar gida, in huta!"

"Da hannun ɗansa," Malam Dallatu ya ce. "Ka kira ni in sa albarka. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Samari suka fara zubar da tabare. Wani ya ja rigarsa ya toshe hanci, wani ya kama jakinsa ya yi baya. Bayan danga kuka ya kaure, ana jin muryar Zuliha a sama da ta kowa, tana cewa ta shiga uku.

Hure ta lumshe ido. Ba daɗi ta ji ba, ko kaɗan. Ta so a ce ƙarya take yi, ta so a ce haukan takaba ne ya kama ta. Amma dai an ajiye diga. Auta ba zai daki ƙasar nan ba, ba zai shaƙe ta ba. Wannan kaɗai ta fito nema, kuma ta samu. Ta fara lalubar dutse da ƙafa za ta sauko ta koma ɗakinta.

Sai ta ji ƙarar ƙarfe a kan tsakuwa.

Duk abin nan da ake yi a kunnen Tasi'u ake yin sa. Yana tsaye inda ta bar shi, jiƙe sharkaf. Shi ne ya yi jinyar uban. Shi ke tallafe shi a zaune, don kwanciya ta gagare shi. Shi ke riƙe masa kwano in tari ya taso. A ƙirjinsa Sama'ilu ya cika, kuma da aka dawo daga maƙabarta, a gaban Baffansa ya durƙusa ya ce ba shi da uba sai shi.

Yanzu ya sunkuya ya ɗauki digar.

Bai kalli rumbun ba. Darbejiya ya nufa.

"Tasi'u!" Malam ya kira. "Kai, ku riƙe shi!"

Saurayi ɗaya ya tare shi, ya watsar da shi gefe kamar buhun ƙaiƙayi. Sauran suka dare. Ba gudu yake yi ba, tafiya yake yi, kuma wannan ya fi ba Hure tsoro.

Ɗan Iya ya ja da baya, ya yi tuntuɓe da kujera, ya faɗi zaune a gindin bishiyar.

"Tasi'u... ɗana... ni ne fa Baffanka..."

Hure ba ta san lokacin da ta diro ba. Tsakuwa ta yanke ta a tafin ƙafa, ba ta ji ba. Ta fito ne don kada ƙura ta ɗauke mata ɗa a hankali, ga shi zai miƙa kansa ga igiyar gwamnati da rana tsaka, a gaban shaidu cike da fili. Ta sha gabansa da ƙyar, ta juya, ta baza hannuwa.

Sai ga Hure, matar Sama'ilu, tana kare Ɗan Iya da ƙirjinta. Tana jin numfashinsa a bayan ƙafafunta, yana riƙe da gefen zanen takabarta da hannu biyu. A duniya babu wanda ta tsana kamarsa.

"Auta, dube ni."

Idanunsa sun kaɗa sun yi jawur. Ba ita yake kallo ba.

"Auta, kai kaɗai gare ni."

"Inna, matsa."

"Ba zan matsa ba."

Digar ta yi sama.

"Inna, na rantse da wanda ya karɓi ran Baba. Ki matsa."